Surukina da Hoshin Taragunsa

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Surukina, mahaifin matata, ya cika ranar wata Laraba da hantsi. Aka sallace shi a Haramin Madina bayan La'asar, muka raka shi maƙabartar Baƙi'a, muka dawo gidana a unguwar Bani Harisa aka jera kujeru, aka soma zagayawa da gahawa da dabino.

Kwana uku ina tsaye a farkon sahun masu karɓar gaisuwa, domin ba shi da ɗa namiji a Madina. 'Ya'yansa maza biyu ne, yaƙin Sudan ya watsa su, ɗaya yana Masar ɗaya yana Chadi, ta waya suka yi kukansu. Mutane suka zo fiye da yadda na zata. Kafintocin Ƙuba da ya yi aiki da su suka zo a mota ɗaya, duk wanda ka gaisa da shi sai ka ji kanta a tafinsa. Wani mai gidan burodi ya ce ƙofar shagonsa Baba ne ya yi ta tun yaransa suna ƙanana, har yau ba ta taɓa cijewa ba. A ɓangaren mata kuma, in ji matata, wata tsohuwa 'yar Chadi ta yi ta maimaita cewa ya taɓa gyara mata gado ya ƙi shan ko shayinta, wai don kada ta ga kamar da wata manufa ya zo.

Amma maganar da na fi ji ba a kansa ba ce, a kaina ce. Yayana ya rungume ni ya ce, "Azzamallahu ajrak. Wallahi ka yi ƙoƙari. Ba kowa ke riƙe suruki shekara shida a gidansa ba." Limamin unguwa ya faɗi irinta a gaban jama'a, ya ƙara da cewa matasa su yi koyi da ni. Duk sanda aka faɗa sai in sunkuyar da kai, su kuwa su ɗauka baƙin ciki ne.

A rana ta biyu aminin Baba ya zo, wani tsohon direban jirgin ƙasa da suka san juna tun a Sudan. Da ƙyar ya hau matakala uku na ƙofar gida. Bai yaba mini ba. Ya riƙe hannuna ya daɗe, sannan ya ce, "Shi ke nan. Yanzu ba sauran wanda zan yi musu da shi." Ya zauna, bai sha gahawar ba har ya tashi.

Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don akwai abin da masu yabona ba su sani ba.

Ni haifaffen Madina ne. Kakannina daga Kano suka zo tun da daɗewa, suka zauna har muka zama 'yan ƙasa. Shi kuwa Baba Bahaushen Sudan ne, a Sinnar ya tashi. Ya yi aikin jirgin ƙasa tun yana saurayi har furfura ta fara fito masa, sannan ya ƙetaro ya koyi kafinta a Ƙuba da girmansa. Da na nemi 'yarsa, danginmu sun yi ƙananan maganganu. Duk Hausawa ne mu, amma a gidanmu ana cewa "'yan iƙama", wato baƙi masu zama da takardar izini, da wata irin murya. Na yi tsayin daka na aure ta, kuma shekaru da yawa ina jin kaina gwarzo saboda haka.

Da surukata ta rasu, idonsa kuma ya rage ƙarfi ya rufe shago, sai matata ta roƙe ni ya dawo wurinmu. Tun ranar da ya shigo ya sa mini suna Maigida. Mutumin da ya haifi matata, amma in zan wuce sai ya janye ƙafarsa. Ba ya cin abinci kwano ɗaya da ni, ba ya zama a majalisa in ina ciki sai na ce bismilla. Na taɓa ce masa, "Baba, nan Madina ce, an bar waɗannan abubuwan."

Ya ce, "An bar su a Madina, Maigida. A jikina ba a bar su ba."

Kullum da fensir a bayan kunnensa, har masallaci, sai in zai yi alwala ya tuna ya cire. Kome ya gani sai ya auna da taƙi, tebur ne ko taga. Kuma sai ya ƙwanƙwasa abu ya kasa kunne. Ya ce a wurin aikinsu da doguwar guduma suke bin ƙafafun taragu ɗaya bayan ɗaya, mai lafiya ta amsa da ƙara, mai tsagewa muryarta a dishe. Kankana ma haka yake saya. In aka kawo sabon abu gida kowa yana yaba kyansa, shi sai ya ce, "A duba ƙasa tukuna," ya durƙusa ya leƙa.

Yana da niyyar komawa Sinnar ya ƙarasa kwanakinsa. Har ya fara raba kayan aikinsa sai yaƙi ya tashi. Watanni yana maƙale da waya yana sauraron labarai, ba ya cin abincin kirki. Wata rana ya ajiye wayar, ya same ni a tsakar gida zan fita aiki, ya tsaya nesa kaɗan ya ce, "Maigida, ina neman aron kusurwa ɗaya a saman gida."

Na ce, "Baba, gidanku ne, ku ɗauki duk inda kuke so." Na ɗauka tattabaru zai kiwata.

Ya kafa rumfa kusa da tankin ruwa, ya haɗa wani dogon tebur da fallayen katako, tsawonsa ya kai kwanciyar mutum uku. A kansa ya soma shimfiɗa layin dogo. Ƙarfen dogon waya ce yake daddakawa da guduma har ta yi faɗi. 'Yan katakan da ake ɗora dogo a kansu, rassan dabino ya je ya roƙo a wata gona a Ƙuba, ya tsaga su sirara, ya yanka daidai wa daida, ɗaruruwa. Tsakuwa kuma baƙin dutsen bayan gari ya samo ya farfasa, ya tankaɗe da rariyar matata, abin da ya jawo musu faɗa na yini guda. Taragun da gwangwanayen man zaitun ya yi su, ya huda tagogi, ya shafa musu fenti ruwan madara. Ba lantarki, ba batir. Da wata siririyar sanda yake tura su, ya kai wannan layi, ya janye wancan, ya haɗa, ya raba. Inda dogo ke rabuwa biyu ya fi ba shi wahala. Sau huɗu yana warware wurin, har sai da tarago ya bi ba tare da ya yi tsalle ba.

Da safe yake aiki kafin rana ta yi zafi, sai kuma bayan La'asar. Ya fi shekara ɗaya da rabi a kai.

Ran da na fara tsayawa na duba da kyau, na ga layuka ne kawai a jere suna ƙarewa a jikin wani tudu, da dakalin wanki, da tankin ruwa a kan ƙafafu, da 'yar rumfa. Na ce, "Baba, ina tashar? Ina fasinjoji?"

Ya ce, "Tasha ta masu tafiya ce. Wannan hoshi ne, inda ake ajiye taragu in sun dawo. A nan ake share su, a wanke, a duba ƙasa, a zuba ruwa, su kwana. Mu nan muka sani."

Sai ya miƙo mini bakin tef ɗin awo ya ce in ɗan riƙe masa. Wayata ta yi ƙara, na saki tef ɗin ya naɗe da ƙarfi, na sauka ina magana. Ban koma ba. Iyakar taimakon da ya taɓa nema a wurina kan aikin ke nan.

Bayan 'yan kwanaki na ga jirgin wasa na roba a wani kanti, mai batir, mai fitila da jiniya, yana zagaya da'ira. Na saya na kai masa, ina jin na kyauta. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya har da addu'a. Washegari na ga yaran maƙwabta suna wasa da shi a ƙofar gida.

Gaskiyar ita ce abin yana ba ni kunya. Dattijo mai furfura, mahaifin matata, yana tura gwangwani da sanda a saman gidana. In baƙi suka zo sai in rufe ƙofar matakala.

Ranar wata ƙaramar Salla yayyena biyu suka ci abinci a gidana, suka ce za su hau sama su sha iska su kalli Uhudu. Ban sami hanyar hana su ba. Suna ganin teburin babban ya tuntsire da dariya, ya ce da Larabci, "Wannan kuma fa? Makarantar renon yara kuka buɗe?"

Na leƙa rumfar ban ga kowa ba. Na ce, "Ku rabu da shi. Shaiba ne, ya kharraf." Wato tsufa ya taɓa masa hankali. Na yi dariya tare da su.

Sai ga Baba ya fito daga bayan tanki, burushin fenti a hannunsa. Ashe yana zaune a inuwa yana shafa wani tarago. Ya yi musu barka da Salla da Larabcin da ya fi nawa tsabta, ya tambayi iyalansu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, bai kuskure ko ɗaya ba. Ya ce, "Ku sha iska, bari in ba ku wuri." Ya sauka. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Da Magariba ya janye ƙafarsa na wuce kamar kullum.

Amininsa direba yakan zo duk Juma'a bayan La'asar, ya hau saman yana hutawa a kowace matakala biyar. Wata Juma'a matata ta ba ni tiren shayi in kai musu. Tun daga matakala nake jin muryoyinsu.

Direban yana cewa, "Shida ne! Shekara nawa ina shiga hoshin nan da jirgi? Layi shida ne, kai ka yi bakwai."

Baba ya ce, "Kai a saman inji kake wucewa. Ni a ƙasa nake."

"Wancan na ƙarshen ba layi ba ne, juji ne. Matattun taragu ake turawa can su ruɓe. Wa ke ƙidaya shi?"

"To a jujin aka haife ni."

Na tsaya da tire a hannu. Baba ya nuna wani tarago a ƙarshen layi na bakwai, wanda bai shafa wa fenti ba, ya bar shi da tsatsa, ya liƙa masa ɗan ƙyalle a ƙofa. Ya ce mahaifinsa daga ƙasar Haɗeja ya taso da matarsa a ƙafa za su hajji. Da suka iso Sinnar guzuri ya ƙare, ya karɓi aikin sharar taragu, wai na damina ɗaya. Aka bar su su riƙa kwana a wani mataccen tarago. Damina ɗaya ta zama shekara talatin. Jirgin da ke zuwa bakin teku, wanda alhazai ke shiga, shi yake share shi tas, ya tsaya da tsintsiya ya ga tashinsa. Har ya rasu bai ga teku ba.

Baba ya ce, "Yaran gidan nan in na yi musu Hausa da Larabci suke amsa mini. In na ba su labari ba zai zauna ba. Na ce bari in yi abin da za su gani da ido, su san inda hajjin kakansu ya tsaya."

Direban ya ce, "Shekara hamsin muna tare ba ka taɓa faɗa mini ba."

"A lokacin ba abin faɗa ba ne."

Direban ya tashi ya sauka, ko shayin bai sha ba. Juma'a biyu bai zo ba, Baba kuma bai kira shi ba. A ta uku sai ga shi yana haki a bakin matakala. Bai yi sallama ba ma, ya nuna da sandarsa ya ce, "Ka manta famfon da ke bayan rumfar mai shayi." Baba ya ce ba a baya yake ba, a gefe yake. Suka ɗora daga nan.

Na kawo wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani. Na ji da kunnena. Na san abin da ke kan teburin nan.

Bayan wata huɗu aka sa ranar auren babban ɗana. Muka yanke shawarar gina masa ɗaki biyu a saman gida, kuma ba yadda za a yi ginin teburin yana wurin. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in same shi in ce, Baba, ga halin da ake ciki. Da sukurori ya haɗa teburin, da ya kwance shi a kwana biyu, mu nemi wani wuri. Amma na kasa haɗa ido da shi in nemi kusurwar da na ce masa tasa ce. Kuma can cikin raina ina so abin ya bar gidana kafin dangin amarya su fara shige da fice.

Sai na shirya masa umra shi da matata, kwana uku, a jirgin ƙasan nan mai gudu da ke zuwa Makka. Ya yi murna kamar me. Suna tafiya na kira ma'aikatan da za su yi ginin.

Shugabansu wani ɗan Bangal ne mai jan gemu. Ya zagaya teburin, ya durƙusa ya leƙa ƙasansa, ya kira ni mudir, wato oga, ya ce da guntun Larabcinsa, "Mudir, wannan ba zai bi matakala ba. A jira shaiba ya zo ya kwance da kansa."

Na ce, "Ba lokaci. Ku yanka shi."

Ya ce, "Haram, mudir. Aiki ne mai kyau."

Na ce, "Na ce ku yanka."

Na kwashe taragun na zuba a kwali. Suka sa zarton lantarki suka raba teburin huɗu. Dogon ya ɓalle ya lanƙwashe, tsakuwa ta bi matakala tana zuba, rumfar mai shayi ta murƙushe a ƙarƙashin takalmin wani. Da aka tara shi a tsakar gida na dube shi, na ga ba abin da za a nuna wa mai shi ba ne. Na ce su loda a mota su zubar. Na share matakalar da kaina.

Suka dawo ran Alhamis da Azahar. Baba ya shigo yana ba ni labari tun daga ƙofa, abin da bai saba ba. Wai jirgin ko girgiza ba ya yi, ya ajiye kofin shayi bai zube ba. Wai ya tambayi wani ma'aikaci inda taragun ke kwana da wanda ke wanke su, mutumin ya yi ta kallonsa. Ya yi dariya, ya sha ruwan sanyi, ya ce bari ya leƙa sama.

Ina zaune ina jin takunsa har ya kai. Ya ɗan jima. Sannan na ji yana saukowa, a hankali fiye da yadda ya hau.

Ban bari ya yi magana ba. Na ce, "Baba, wallahi ban san yadda zan gaya muku ba. Na ce wa ma'aikata su matsar da shi gefe, na tafi aiki. Ba sa jin Larabci sosai, suka ɗauka na ce su fitar. Kafin in dawo sun zubar. Taragun kawai na samu." Har da wallahi na ce.

Ya dube ni, sannan ya dubi ƙasa. Ya ce, "Kada ka yi musu faɗa, Maigida. Baƙi ne. Allah ya sanya alheri a ɗakin."

Ya karɓi kwalin ya tura ƙarƙashin gadonsa. Ban ƙara ganin ya buɗe shi ba.

Washegari da safe na gan shi yana hawa sama da butar shayi ya kai wa ma'aikatan. Haka ya yi ta yi har aka gama ginin. Da aka zo maganar ƙofofi ya ce kada a sayo na kanti, shi zai yi wa jikansa. Ya aro kayan aiki a Ƙuba, ya yi ƙofa biyu da kabad ɗin kaya, yana shafa katakon da yatsa saboda idon ba ya gani sosai. Ran biki ya sa farar jallabiyya da rawani irin na Sudan, ya zauna a gefe, duk wanda ya yaba ginin sai ya ce, "Ƙoƙarin Maigida ne."

Bayan biki sai ya zama ba shi da abin yi da safe. Ya kan zauna a tsakar gida fensir a kunne, hannuwa a kan gwiwa. Ba zan ce abin da na yi ne ya kwantar da shi ba, ajali na Allah ne, kuma zuciyarsa ta daɗe tana ba shi matsala. Amma na ga yadda safiyarsa ta koma, kuma na san wanda ya mayar da ita haka.

Kwanansa tara a asibiti. Sau biyu ina zama kusa da shi da niyyar in faɗa, sai in tsinci kaina ina tambayarsa ko a ƙara masa filo. Ana gobe zai rasu, bayan Azahar, matata ta fita kiran nas, muka rage mu biyu. Na buɗe baki ke nan sai ya riga ni. Ya ce, "Maigida, ka yafe mini. Na daɗe a gidanka, na tare maka wuri."

Na ce, "Ba komai, Baba. Na yafe."

Abin da na ce ke nan. Ni na yafe masa. Nas ta shigo, magana ta wuce.

Da aka tashi daga zaman makoki, a rana ta huɗu da safe, na sami matata tana naɗe kayansa. Na zauna a bakin gadon na gaya mata komai, tun daga dalilin umrar har rantsuwar. Ba ta daina naɗewa ba sai da na gama.

Ta ce, "Na sani, Abban yara. Shi ma ya sani."

Ta ce ran da ya fara kai musu shayi, shugaban ma'aikatan ya kama hannunsa yana ba shi haƙuri, ya gaya masa yadda aka yi. Ta ji su daga matakala. Ta sauko a fusace za ta kira ni a wurin aiki, Baba ya biyo ta ya karɓe wayar. Ya ce, "Gidansa ne, kuma ɗansa zai aurar. In kika nuna masa kin sani, ba zai ƙara iya kallonki yadda ya saba ba. Ki bar shi." Ya sa ta yi masa alkawari. Wata bakwai tana zuba mini abinci da wannan a cikinta.

Na ce, "To yanzu me zan yi?"

Ta ce, "Baba ya tafi, sai addu'a. Amma mutanen da ka ɗora wa laifi suna nan da ransu."

Na yi kwana biyu ina nema kafin a ce mini suna wani gini a Uhudu, bayan rumfunan masu sayar wa baƙi tsaraba. Na je da hantsi. Shugaban ya sauko daga kan tsani yana goge hannu a riga, yana zaton wani aikin na kawo. A gaban mutanensa na ce masa na yi musu ƙarya, na ce su suka zubar da aikin tsoho bisa kuskure alhali ni na ba da umarni, ina neman su yafe mini.

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ma'alesh, mudir, ya wuce. Ya jikin shaiba?"

Na ce ya rasu, yau kwana shida.

Ya zauna a kan buhun siminti. Ya juya ya faɗa wa sauran da yarensu, suka ajiye abin da ke hannunsu, ɗaya ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Suka ɗaga hannu suka yi masa addu'a, na ɗaga nawa tare da su. Da suka shafa sai ya dube ni, idonsa ya yi ja, ya ce, "Kana da lambata, mudir. Me ya sa ba ka kira mu salla ba?"

Ko kusa ban tuna da su ba a ranar jana'izar.

Ya Allah, ga bawanka ya iso maƙwabtan Annabinka, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da mahaifinsa a inda ba sauran jira. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, in da saura ya sa ni a ciki.